Hurumi ko Tsintuwa? Matsayin Waƙoƙin Narambaɗa Bayan Ƙarewar Haƙƙin Mallaka

Idan Bahaushe ya ce "waƙar wane", maganarsa tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Tana yiwuwa yana nufin wanda ya tsara waƙar ya rera ta, tana kuma yiwuwa yana nufin wanda aka yi wa ita. Bakandamiya waƙar Narambaɗa ce, kuma waƙar Sarkin Gobir na Isa Amadu ce, ba kuwa wanda zai ce ɗaya daga cikin maganganun nan biyu kuskure ce. Ɗafin mallaka guda ɗaya, watau -r, shi ya ɗauki nauyin ma'anonin duka, kuma Hausawa ba su taɓa jin bukatar rarrabe su ba. Dokar haƙƙin mallaka kuwa ba ta san wannan ba. Ita mai abu take nema, da shekarar da ya rasu, don ta ƙirga ranar da za ta ɗauke hannunta daga kan aikinsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da ake nufi idan aka ce aikin fasaha ya fita daga haƙƙin mallaka ya zama mallakar jama'a. An zaɓi waƙoƙin Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali ne a matsayin abin aunawa, domin wa'adin da doka ta ɗibar musu ya gabato, kuma domin ƙasar da ta haife su, watau Isa da Sabon Birni da sauran garuruwan Gobir na bakin iyaka, tana da nata tsarin mallakar waƙa tun kafin zuwan wannan doka. Ra'ayin da za a kare shi ne, fita daga haƙƙin mallaka yana ɗauke wa mutum neman izini da biyan kuɗi kawai, ba ya ɗauke masa amana. Kuma waƙar da doka ta saki amma aka kulle faifanta a ɗaki, ba a sake ta ba tukuna.

Abin da doka ta ce

Tun asalinsa haƙƙin mallaka abu ne mai wa'adi. Dokar farko da Ingila ta yi a 1710 shekara 14 kacal ta ba marubuci, tare da damar ƙarin wasu 14 idan yana raye. Hikimar ita ce a ba mai fasaha lokacin da zai ci moriyar guminsa shi kaɗai, sa'an nan aikin ya koma hannun jama'ar da ya ɗebo harshe da hikima daga gare ta. Wa'adin ne ya yi ta tsawo a hankali. A Nijeriya dokar Ingila ta 1911 aka fara aiki da ita tun daga 1912, ita kuwa ta ba da tsawon ran mai aikin da shekara 50 bayan rasuwarsa. Dokar soja mai lamba 61 ta 1970 ta rage shi zuwa shekara 25. Mai lamba 47 ta 1988 ta ɗaga shi zuwa 70, kuma a kan haka sabuwar doka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tsaya. Ana fara ƙirgen daga ƙarshen shekarar rasuwa. Ke nan littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, sai a farkon 2052 za su fita. Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai 2062. Na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai 2070.

Idan wa'adin ya cika, kowa yana da damar buga aikin, ko fassara shi, ko rera shi a bainar jama'a, ko sa shi a fim, ko sarrafa shi yadda ya so, ba tare da ya nemi izinin magada ko ya biya su ko kwabo ba. Iyakar ma'anar ke nan a shari'ance. Ba ta ce aikin ya rasa daraja ba, ba ta kuma ce wanda ya fara bugawa ya zama mai shi ba.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ya kamata mai nazarin waƙar baka ya lura da shi. Dokar Nijeriya ba ta kare aikin adabi ko na kiɗa sai an adana shi a wani abu tabbatacce, watau an rubuta shi ko an naɗe shi. Waƙar da Narambaɗa ya rera a ƙofar fadar Isa ranar hawan salla, jama'a suka ji suka watse, ba a naɗa ba, ba a rubuta ba, doka ba ta taɓa ganinta ba balle ta sake ta. Abin da muke magana a kansa a nan shi ne ɗan abin da na'ura ta kama a ƙarshen rayuwarsa.

Wahalar ƙirge

Mu ɗauki abin da ya fi sauƙi a ido, watau shekarar rasuwa. Rubuce-rubucen da aka yi a kan Narambaɗa ba su haɗu a kan shekara ɗaya ba: wasu sun kawo 1960, wasu 1963. Ga mai nazarin salo wannan saɓani ba ya rage komai. Ga doka kuwa shi ne kan maganar. In 1960 ce, waƙoƙinsa za su fita ranar 1 ga Janairu 2031. In 1963 ce, sai 1 ga Janairu 2034.

Al'amarin bai tsaya nan ba. Bisa lissafin dokar 1970, wanda ya rasu a 1960 kariyar aikinsa ta ƙare tun a ƙarshen 1985, shekara uku kafin a yi dokar da ta tsawaita wa'adin. Wanda ya rasu a 1963 kuwa, tasa kariyar ranar 31 ga Disamba 1988 za ta ƙare, sai ga dokar 1988 ta fara aiki ranar 19 ga Disamba, ta cim mata saura kwana goma sha biyu. Ko dokar 1988 ta farfaɗo da haƙƙin da ya riga ya mutu, wannan magana ce da lauyoyi za su iya jayayya a kanta, ko da yake dokar ta ce tana aiki a kan ayyukan da aka yi kafin zuwanta. Abin lura a gare mu shi ne yadda makomar mafi girman waƙoƙin fada na Hausa ta rataya a kan kwanan watan da al'ummar mai su ba ta saba rubutawa ba.

Na biyu shi ne 'yan amshi. Duk wanda ya saurari Narambaɗa da kunnen basira ya san ba shi kaɗai yake gina ɗan waƙa ba. Sau da yawa yakan ɗauko magana ya kai ta rabi, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai fito daga bakinsa ba, sa'an nan a koma gindin waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi bayanin irin wannan aiki na karɓi da ƙari da rakiya a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. To, doka ta ce idan aiki na haɗin gwiwa ne, daga rasuwar wanda ya yi ƙarshen rasuwa cikin masu shi ake fara ƙirge. Idan aka ɗauki mazajen nan masu riƙe da kotso a bayansa a matsayin abokan tsara waƙa, ba masu maimaitawa kurum ba, lissafin 2031 da na 2034 duk sun rushe, domin sai an bi kowannensu an san shekarar da ya rasu. Ni a ganina matsayin da ya dace da su ke nan ta fuskar adabi. Amma faifan da suke yawo a kasuwa ba su ɗauke da sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Na uku shi ne bambanci tsakanin waƙa da faifanta. Doka ta raba su. Kalmomi da karin waƙa haƙƙinsu na mai tsarawa ne, shekara 70 bayan rasuwa. Naɗin murya kuwa haƙƙinsa na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne, kuma shekara 50 ne, wadda dokar 1988 take ƙirgawa daga shekarar da aka yi naɗin. Tun da ba a naɗar muryar mamaci, duk wani faifan Narambaɗa an yi shi ne a 1963 ko kafin nan, saboda haka a wannan lissafi kariyarsa ba ta wuce ƙarshen 2013 ba. Abin da muke da shi ke nan: tulu ya zama na kowa, ruwan da yake ciki kuwa da sauran mai shi. Wanda duk ya ce shi ne mai faifan Narambaɗa don kawai tsohon tef ɗin yana cikin ɗakinsa, robar ce tasa.

Yadda fada ta ɗauki mallakar waƙa

Kuskure ne a zaci cewa kafin dokar Turawa waƙa ba ta da mai ita. Tana da shi, sai dai abin da ake tsarewa daban ne. Makaɗin fada bai damu da a kwaikwayi waƙarsa ba. Idan 'yan mata suka ɗauke ta zuwa dandali, ko manoma suka riƙa rera ta a bakin Bunsuru, wannan shi ne nasararsa, domin aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan: ya baza sunan ubangidansa. Ladansa kuwa nan take yake karɓa, doki ko riga ko rawani ko kuɗi ko hatsi, kuma da kyautar ta shiga hannunsa ciniki ya faɗa. M. G. Smith ya bayyana wannan musaya ta yabo da kyauta tun a 1957 a nazarinsa na roƙo a ƙasar Hausa. Ba a san wani bashi da yake biyo waƙa shekara saba'in bayan an binne mai ita ba.

Abin da ake kishi a kansa shi ne suna da matsayi. Makaɗin sarki ba ya kwasar kayan kiɗansa ya tafi wata fada sai da sanin ubangidansa. Ba a cire sunan wani basarake daga waƙar da aka yi masa a cusa na abokin hamayyarsa a zauna lafiya. Taken sarauta yana bin sarautar ne, duk wanda ya hau shi za a kaɗa wa, ko da makaɗin da ya ƙago shi ya daɗe da rasuwa. Wanda ba shi da gadon wani kiɗa ko izinin yin sa, in ya ɗauka sai an tambaye shi dalili. A taƙaice, fada ta bar kwafi a buɗe ta tsare nasaba, doka kuwa ta tsare kwafi. Har ma dokar 2022 ta ja baya a wannan fanni: tsohuwar doka ta ce haƙƙin a ambaci sunan mai aiki, da haƙƙin kada a ɓata masa shi, na har abada ne, sabuwar kuwa ta ɗaure su da wa'adin haƙƙin mallaka. Ranar da waƙoƙin Narambaɗa suka fita, ba wani sashe na wannan doka da zai tilasta wa mai amfani da su ya faɗi sunansa.

Shi kansa Narambaɗa babban mai cin gajiyar abin da yake na kowa ne. Kirarin mazan jiya, da jerin kakannin ubangidansa har zuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da kamanta sarki da giwa ko zaki ko gulbi, da karin magana, da labarin yaƙe-yaƙen da aka yi kafin a haife shi, ba shi ya ƙago ko ɗaya ba. Gwanintarsa tana wajen zaɓe da jerantawa da nauyin da yake ɗora wa kalma. A waƙar Dokin Iska ya ɗauki kayan yabon da aka saba yi wa jarumai ya ɗora wa dokin sukuwa, har dabbar ta tashi da hali da alfahari kamar ɗan sarki. A Bakandamiya ya juya yabon ubangida ya zama fagen bayyana matsayinsa shi kansa a kan sauran makaɗa, ba tare da ya saki sarkin ba. Da a ce kowane kirari yana da mai karɓar kuɗi a kansa, da waƙoƙin nan ba su samu ba. Shi ma an ɗiba daga gare shi: kalmar bakandamiya ta zama sunan duk wata waƙa da mawaƙi ya fi ji da ita, Shata ma yana da tasa, ba kuwa wanda ya ce an yi wa Narambaɗa sata.

Malaman ƙasar Sakkwato su ma haka suka yi da rubutacciyar waƙa. Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san aikin kowa. Tahamisi dai a idon dokar yau sarrafa aikin wani ne, sai da izini. A wurinsu kuwa girmamawa ne, muddin an bar asalin yadda yake an kuma faɗi mai shi. Wannan ladabi na ambaton wanda aka karɓo daga gare shi, shi ne abin da ya kamata mu riƙe a inda doka ta saki. Ba ina cewa shari'ar Musulunci ba ta yarda da haƙƙin mawallafi ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, watan da Nijeriya ta yi tata dokar.

Kirari ɗaya, ƙasa biyu

Akwai wani rukuni da ake yawan ɗauka mallakar jama'a ne alhali a doka ba haka yake ba, watau abin da ba a san wanda ya ƙago shi ba: tatsuniya, kacici-kacici, waƙoƙin daɓe da na niƙa, kirari. Tun a dokar 1988, Nijeriya ta sa irin waɗannan a ƙarƙashin kariya ta musamman wadda ba ta da wa'adi. Mai son amfani da su don kasuwanci, ko a wajen muhallinsu na al'ada, sai ya nemi izinin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, kuma sai ya ambaci al'umma ko wurin da ya ɗauko su. An keɓe koyarwa, da amfanin mutum a gidansa, da aro don ƙirƙirar sabon aiki. Sakamakon haka, nan da 'yan shekaru Bakandamiya za ta fi kirarin Bawa Jan Gwarzo 'yanci, ko da yake kirarin ya girme ta da fiye da shekara ɗari.

A ƙasar Gobir wannan tsari yana cin karo da tarihi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri, daga baya kuma Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni, yayin da zuriyar Bello suke riƙe da sarautar Sarkin Gobir a Isa. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta jefa Tsibiri a Nijar, ta bar Sabon Birni da Isa a Nijeriya. Kirarin Bawa da ake yi a fadar Sabon Birni shi ake yi a fadar Tsibiri. To, wa yake da ikon ba da izini a kansa, hukumar da take Abuja ko takwararta ta Yamai? Kuma ina matsayin fadojin da suka adana shi tsawon wannan zamani, waɗanda dokar Nijeriya ba ta ba su ikon cewa komai ba?

Ƙasashen da Faransa ta raina sun bi wata hanya dabam. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda Nijar take cikinta, a gyaran da aka yi mata a 1999 ta tanadi cewa mai cin riba da adabin gargajiya, ko da aikin da wa'adinsa ya cika, ya biya wani kaso ga hukumar ƙasa, a kashe shi wajen walwalar masu fasaha da raya al'adu. Tunanin tsoho ne, Victor Hugo ya yi kira gare shi a birnin Faris tun a 1878. Yana da daɗin ji, musamman idan aka tuna da Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya naɗi waƙarsa Mbube a 1939, ya rasu a 1962 cikin talauci alhali waƙar tana tara wa wasu dukiya a Amurka, sai a 2006 magadansa suka samu sulhu, ta hanyar wani sashe na dokar nan ta 1911 da ta taɓa aiki a nan. Duk da haka ban gamsu da shi ba. Kuɗin da aka tara a babban birni da wuya ya san hanyar Tubali, kuma harajin zai fi faɗawa ne a kan ƙaramin mai ɗab'i da malamin da yake son ya buga wa ɗalibansa matani mai araha. Waƙoƙin masu jihadi sun shiga kowane zaure ne domin ba wanda ya tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗi kafin a kwafa.

Hurumi ko tsintuwa

Hausa tana da kalmomi biyu da za su taimaka wajen fahimtar matsayin aikin da ya fita. Akwai tsintuwa, abin da aka samu a yashe ba a ga mai shi ba. Akwai kuma hurumi, filin da ake keɓewa a gefen gari, ba a nomansa, ba a sayar da shi, kowa yana kiwo a ciki, amma ba mai kewaye shi da shinge ya ce nasa ne, kuma mai gari yana sa ido a kansa. Yawancin masu mu'amala da tsofaffin waƙoƙi a yau kallon tsintuwa suke yi musu. (Ko tsintuwar ma, a fiƙihu sai an yi cigiyarta shekara guda.) Hurumi ne ya dace da su, kuma ɓarna iri biyu ake yi wa hurumi: a kewaye shi, ko a lalata shi.

Kewayewa ita ce wadda na fi gani. Na taɓa zuwa wani gidan ajiya neman kwafin waƙoƙi uku don aikin aji, aka ce mini kayan gidan ne, ba a fitarwa. Ban ga laifin ma'aikacin ba, abin da aka gaya masa ke nan. Amma gidan ajiya ma'aji ne, ba magaji ba ne. Yana iya karɓar kuɗin aikin kwafi, ba shi da hujjar hana abin da doka ta saki, balle tef ɗin maganaɗisu da zafi da ƙura suke ci kullum. Irin wannan ne kuma mutum ya ɗauki faifan da ya saya a kasuwa ya manna masa tambarinsa ya ɗora a YouTube kamar shi ya haife shi, ko mai ɗab'i ya buga waƙoƙin ƙarni na 19 ya rubuta a bangon cewa ba a yarda kowa ya kwafi komai ba. Gabatarwarsa da sharhinsa da fassararsa nasa ne, doka ta ba shi. Matanin Nana Asma'u, wadda ta rasu tun a ƙarni na 19, ba nasa ba ne.

Lalatawa kuwa ta fi shafar mu manazarta. Narambaɗa da Hausar yamma ya yi waƙa, inda ake cewa shina maimakon yana, hwaɗi maimakon faɗi, biyat maimakon biyar, ɗiya maimakon 'ya. Ɗalibi yakan zauna da faifai mai ƙara, ya rubuta abin da kunnensa na Bakano ko Bazazzagi ya ba shi, ya daidaita abin da ya ji baƙo, ya cike gurbin da bai ji ba da abin da ya zata. Wani ya kwafa daga kundinsa, na uku ya kwafa daga na biyu, har kuskure ya zama matani. Na ga kundin da aka mai da sunan wani ƙauye fi'ili, sa'an nan aka yi shafi guda ana fashin baƙin ma'anarsa. Daidaita kalma yakan ƙara gaɓa ko ya rage, karin ya karye, wanda ya karanta a takarda ya ɗauka makaɗin ne bai iya awo ba. Muddin akwai mai haƙƙi, ana iya cewa akwai mai tsawatarwa, ko da bai taɓa yi ba. Bayan 2031 ko 2034 ba sauran kowa sai mu.

Saboda haka moriyar da fitar waƙoƙin nan za ta kawo, ita ce damar yin abin da ya kamata a ce an yi tuntuni ba tare da fargabar ƙara ba: cikakken diwani da aka tace, mai tafiya tare da sautinsa. An yi aikin share fage. Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafinsa Narambaɗa a 2009, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta shirya taro a kan waƙoƙinsa a 2019. Abin da ya rage shi ne matanin da zai nuna wane naɗi aka bi, ina aka samo shi, ina jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa, ina wannan rerawa ta saɓa da waccan, a bar karin harshen yadda ya fito, a kuma nemo sunayen 'yan amshin a rubuta su. Ya kamata a sa magadan makaɗin da fadar Isa a cikin aikin, ba don doka ta ce ba. Akwai zambo da habaici a waƙoƙin nan da aka yi wa 'yan sarki masu neman sarauta, waɗanda jikokinsu suna nan da ransu, kuma mai sharhin da zai bayyana wanda ake nufi yana bukatar shawarar mutanen gari kafin ya sa alƙalami.

Wannan aiki ba na ɗakin karatu kaɗai ba ne. Sunayen fadawa da dawaki da fadamu da ƙauyukan da suka cika waƙoƙin, tsofaffin Isa da Sabon Birni da Shinkafi ne suka san su. Wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin a 1960, ya tsaya a ƙofar fada ya ji kotson da kunnensa, yanzu ya haura tamanin. Tun daga wajen 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a wannan yanki, dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wasu suka watsu cikin Sakkwato da sauran birane. Mai son ya tambayi ma'anar wata kalma a Dokin Iska yanzu, watakila sai ya bi mai amsar har Gidan Runji.